Neman shawara: likita ya ce a sa wa ɗana fatar wucin gadi a wurin ƙuna

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Jiya ruwan zafi ya zubo wa ɗana ɗan shekara 2 a ƙirji da damtse, wurin ya yi bororo ya saɓule. Likita ya ce ƙunar ba ta cinye fatar duka ba, wai maimakon wankin ciwo kullum zai shimfiɗa masa wata fata ta wucin gadi, Suprathel ya kira ta. Ni dai gabana faɗuwa yake, shin da ita zai girma a jikinsa? Babansa ya ce gara dai bandeji da muka sani.

Wata uwa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Wallahi ki yarda, an sa wa 'yata ita. Kafin nan ranar wankin ciwo sai mutum biyu sun danne ta, tana hango nas da almakashi take fara ihu, da aka sa kuwa bandejin sama kawai ake canzawa ba a taɓa ciwon. Sabuwar fata na tsirowa ta ƙasa ita kuma tana ɓarewa da kanta kamar ɓawo, kar dai ki ja ta.

Wata nas: Ba da ita zai girma ba 'yar uwa, rufi ce kawai da ke tsare wurin ya warke. Irin wannan ƙunar takan warke cikin sati 2 zuwa 3, in ta wuce haka tabo mai kumbura ya fi saurin fitowa, shi ya sa ba a son jinkiri. Wadda ke zama a jiki daban ce, irin su Integra, ta ƙuna mai zurfi, ita ma bayan kamar sati 3 sai an ɗebo siririyar fatar yaron an ɗora. Amma fa in kin ga zazzaɓi, wari, ko mugunya na tsattsafowa, ko yaro ya ƙi cin abinci, ki koma asibiti a ranar, kar ki ce sai ranar da aka ba ku.

Wani uba: Ki tambayi da me aka yi ta. Wata irin fatar wucin gadin mai suna Biobrane akwai sinadarin fatar alade a ciki, Suprathel kuwa ba ta dabba ba ce. A Brazil har fatar kifin karfasa suke sawa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na nuna wa babansa, gobe tare za mu je.