Wane irin zanzaro ne wannan mai ɗaga ciki sama da ƙasa?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin ƙwari ku taimaka min. Yau kwana 5 ke nan ina ganin wani baƙin ƙwaro a jikin gilashin tagar kicin ɗina, kullum da hantsi. Da farko na ɗauka ɗan gyare ne saboda tsawon ƙafafunsa na baya, sai da na matsa na ga fukafukai shara-shara da ƙugu irin na zanzaro. Jiya na kife shi da kofin gilashi na gwada da rula, kusan santimita 1 ne in an cire ƙafafu. Abin da ya ɗaure min kai cikinsa ne. Ɗan mitsitsi ne, a shafe kamar an matse shi tsakanin yatsu biyu, yana maƙale a jikin wani ɗan sili, kuma ko yana tsaye ba ya daina ɗaga shi yana saukewa. Ya fi son gudu a kan gilashin fiye da tashi. Yarana biyu duk rarrafe suke yi, hankalina bai kwanta ba. Yana harbi? In fesa magani ne?

Ɗan Lambu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai a ganina zanzaron nan ne mai gina ɗaki da laka, wataƙila ƙarami ne. Ki duba kusurwar silin da bayan labule ko za ki ga gininsa.

Malamin Bayoloji:
Ɗan'uwa Ɗan Lambu, ka yi haƙuri zan saɓa maka. Zanzaro ba ya ƙara girma bayan ya yi fukafukai, yadda ya fito haka zai mutu, don haka wannan ba ƙaramin mai laka ba ne. Shi mai laka ya ninka wannan tsawo, kuma silin ƙugunsa dogo ne da ke fitowa daga ƙasa, kusa da ƙafafun baya.

Hajiya, bayaninki ya yi kyau ƙwarai, kin faɗi abin da ya fi muhimmanci. Wannan ɗan gidan Evaniidae ne, dangin da ke da nau'i sama da 400, kuma wanda ya fi shiga gidaje a ƙasashe masu zafi shi ne Evania appendigaster. Masanin halittu Linnaeus ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1758. Saboda ɗaga cikin nan da yake yi kamar mai kaɗa tuta ake kiransa zanzaro mai tuta.

Ki sake kife shi, ki dube shi ta gefe, ba ta sama ba. Silin da ke riƙe da cikin daga can saman bayansa yake fitowa, nesa da inda ƙafafun baya suka haɗu da jiki. Wannan ita ce alamar da nake fara nema kullum. Sannan ki kai kofin wurin haske ki kalli idanunsa. Duk jikinsa baƙi ne wuluk amma idanun shuɗaye ne, kuma wallahi ranar da na fara ganinsu a ƙarƙashin madubin ƙara girma na daɗe ban ɗaga kai ba. In cikin ya yi kama da mai kusurwa uku, mace ce, in ya yi siffar ƙwai, namiji ne. Dogayen gashin nan biyu na kansa gaɓa 13 ne kowanne, amma wannan sai da madubi.

Ba ya harbin mutum, yaranki ba su cikin haɗari daga gare shi. Kyankyaso ne abokin gabarsa. Macen tana neman jakar ƙwan kyankyaso, wannan 'yar jaka mai ruwan ƙasa da ake gani a lungu, wadda ta babban kyankyason gida kan ɗauki ƙwai kusan 16. Sai ta huda ta, ta saka ƙwai guda ɗaya tak. Tsutsarta na ƙyanƙyashewa ta cinye ƙwayayen duka, ta rikiɗe a ciki, ta huda rami ta fito. Babban zanzaron kuwa ruwan furanni yake sha, rayuwarsa mako 2 zuwa 3. Ina roƙonki kada ki fesa masa komai.

Ɗan Lambu:
Na karɓi gyara Malam, Allah ya ƙara ilimi. To wani kuma da na taɓa gani, kore shar mai ƙyalli kamar ƙarfe, yana jan kyankyaso mai rai a ƙasa fa? Ɗan'uwan wannan ne?

Malamin Bayoloji:
Dukansu da kyankyaso suke ciyar da 'ya'yansu, wannan da ƙwansa, wancan da jikinsa, amma gidansu daban. Wancan Ampulex compressa ne. Macen takan kai milimita 22, kuma shaidarsa cinyoyin ƙafafun tsakiya da na baya jajaye ne. Tana harbin kyankyason a ƙirji, ta sake harbinsa a ka, sai ya daina yunƙurin gudu, ta kama gashin kansa ta ja shi zuwa rami ta ɗora masa ƙwai. Kada ka haɗa shi da wani koren mai ƙyalli, gajere mai kauri, wanda ke dunƙulewa kamar ƙwallo in an taɓa shi. Shi wannan ɗan gidan Chrysididae ne, kuma wasunsu a cikin ginin zanzaron laka da ka ambata suke saka ƙwansu.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, Allah ya saka da alheri. Na duba ta gefe kamar yadda ka ce, silin daga sama yake, idanun kuma shuɗaye, cikin mai kusurwa uku. Na sake ta. Da yamma na jawo kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, na tarar da jakunkunan ƙwai 4 manne a bayansa. Biyu a tsage suke ta baki, babu komai ciki. Ɗaya tana da ɗan rami zagayayye a gefe. Ta huɗun a rufe take ruf, na saka ta a kwalba na ɗaure bakin da yadi mai shara-shara, in ga abin da zai fito.