Wa ya taɓa shan pale ale mai ƙaurin hayaƙin fit?

Mai buɗe zance: Barkanku da yamma, 'yan'uwa. Jiya na buɗe kwalbar pale ale, wato giyar sha'ir mai hasken launi, ta wani ƙaramin gidan dafa giya. A jikinta an rubuta cewa akwai tsiron sha'ir da aka busar da hayaƙin fit, wato baƙar ƙasar fadama da ake yankowa a shanya a hura wuta da ita. Da na zuba a kofin gilashi, ruwan zinare ce garai, kumfa fari tas, ba alamar komai. Ina kai hanci sai da na ja baya. Ba ƙaurin itace ba ne irin wanda na sani. Wani abu ne tsakanin tokar da ruwan sama ya daka, da kwalta, da filastar ciwo. A kurɓin farko ɗacin hops, furen da ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi, ya zo daidai, da ɗan ƙamshin ɓawon lemo, sai hayaƙin ya biyo baya ya zauna a maƙogwaro ya ƙi tashi. Rabi na sha na ajiye. Amma yau na wayi gari da ita a raina. Don Allah wanda ya taɓa sha ya faɗa mini: lalacewa ta yi, ko haka take?

Tsohuwar nas: Ƙanena, hancinka bai yaudare ka ba. Na yi shekaru a ɗakin wanke ciwo, kuma ranar da aka miƙo mini irin wannan giyar, kafin ta taɓa leɓena na gan ni tsaye gaban tiren almakashi da auduga. Hayaƙin fit yana ɗauke da finol da kiresol, dangin sinadaran da ke cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Finol ɗin nan ne likitan tiyata Joseph Lister ya riƙa wanke raunuka da shi har ya wallafa sakamakonsa a 1867. Don haka lafiyarta ƙalau. Ni dai na kasa. Sau biyu ina gwadawa, duk biyun abin da ke zuwa mini shi ne fuskokin marasa lafiyar da na yi jinya, kuma ba na son in haɗa wannan da abin sha.

Mai dafawa a gida: Yaya nas ta faɗi gaskiya, sai dai akwai inda laifin mai dafawa ne. Ni na ƙona hannuna da wannan tsiro. A tukunyata ta lita 20 nakan sa tsiron sha'ir kilo 5. Karon farko na zuba mai hayaƙin giram 500, kashi 10 cikin ɗari ke nan, ina ganin ai kaɗan ne. Da ta nuna, ba a jin hops, ba a jin zaƙin hatsin, toka kawai. Na bar ta wata uku ko za ta huce, ba ta huce ba, na zubar ina jin ciwon abin. Karo na biyu giram 100 na sa, na kuma rage hops na ƙarshe. A nan ne na gane abin da ake nema: hayaƙin ya koma baya, sai ka haɗiye sannan ya leƙo.

Asali don wiski ake yin wannan tsiro, kuma masu yinsa suna auna finol ɗinsa da ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Wanda ake yi wa wiski irin Laphroaig da Ardbeg yana kai 40 zuwa sama da 50. Wiski ana tace shi a tukunyar tururi, ya kwana shekaru a ganga, kaifin ya ragu. Giya kuwa daga tukunya sai kwalba, abin da ka zuba shi za ka sha. Wani abu kuma: in ruwan famfo akwai kulorin ba a cire ba, yana haɗuwa da finol ya ba da warin magani mai kaifi da ke kama harshe. Wannan kam lalacewa ce. In naka ya zo tare da ƙamshin ƙasa da toka, to fit ne. In warin roba da magani ne zalla, ruwan ne.

Kawu: 'Ya'yana, ni a tsibirin Aila na Sukotland na fara shaƙar hayaƙin nan, tun ban taɓa jinsa a giya ba. Na tsaya a bakin ramin da ake yanko shi. Baƙi ne, jiƙe, ana fitar da shi sala-sala kamar tubali, in ka murza a hannu kana ganin zaren saiwoyi da gansakuka. Wajen milimita 1 yake ƙaruwa a shekara, ka ga rami mai zurfin mita guda ya haɗiye shekara dubu ke nan. Tun daga ranar ba na iya kiran ƙamshin nan wari.

Amma a pale ale ina da ja. Sunan nan, mai nufin giya mai hasken launi, ya samo asali ne daga tsiron da Turawan Ingila suka koma busarwa da gawayin kwal da aka gasa, marar hayaƙi, ya fito da haske, ɗanɗanonsa tsaf. An yi ta ne don hops ya samu fili. In aka kawo fit, sarki biyu ke nan a gari ɗaya. A Bamberg ta Jamus na sha Schlenkerla, wadda ake busar da tsironta da itacen bic. Hayaƙinta mai taushi ne, giyar kuma tana da jiki da zaƙin da zai ɗauke shi. Can ne hayaƙi ya samu gida.

Ƙanwarku: Kawu, a gafarce ni, ban yarda gaba ɗaya ba. Na sha giyar Rex Attitude ta Yeastie Boys, masu dafa giya 'yan New Zealand, wadda tsironta duka mai fit ne, ba gauraye, ƙarfin barasarta kashi 7 cikin ɗari. Fara ce ita ma. Kurɓi uku na farko azaba ne, ba zan ɓoye ba. Daga nan hanci ya saba, sai ga zaƙin hatsi da wani ƙamshi kamar na fure suna fitowa daga ƙarƙashi. Yaya mai buɗe zance, tambayata ɗaya: daga firji ka zuba ka sha nan take? Sanyi yana danne zaƙi, ya bar ɗaci da toka su kaɗai a fili. Ka bar ta ta kai digiri 10 zuwa 12, a kofi mai faɗin ciki.

Mai dafawa a gida: Kuma a wanke kofin sosai bayan an gama. Ƙaurin yana maƙalewa. Tiyon roba da na yi aikin farko da shi sai da na sauya.

Mai buɗe zance: Na gode ƙwarai. Ƙanwata, kin kama ni, daga firji ne kai tsaye. Daren nan na fito da kwalba ta biyu na ajiye ta minti 20 kafin in buɗe. Filastar da Yaya nas ta faɗa tana nan a shaƙar farko, ba ta tafi ba. Amma wajen kurɓi na huɗu na ji hatsin, na ji lemon ya daɗe, hayaƙin kuma ya koma kamar na wutar da aka kashe jiya. Kawu, a wuri ɗaya ina tare da kai: a ƙarshen kowane kurɓi ɗacin hops da tokar suna karo, baki ya bushe. Na shanye ta duka. Ɗan'uwa mai dafawa, a tukunyarka ta biyu wane irin hops ka sa, kuma giram nawa?