Bashi da hawan jini sun haɗe wa Babanmu, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna wani ƙauye ne a Auyo, jihar Jigawa. Tun da ambaliyar 2022 ta cinye wa Baba shinkafarsa, bashin taki ya hana shi barci. Da asuba sai ka tarar da tuwon darensa a kwano, ko taɓawa bai yi ba.

A asibiti aka ce hawan jini ne, aka ɗora shi kan Amlodipine kullum. In kuɗi ya yanke sai ya daina sha, ciwon kai ya kwantar da shi, gona ta tsaya, tunanin bashi ya ƙaru.

Awaki biyu suka rage mana. Mu sayar mu sallami mai taki hankalin Baba ya kwanta, ko mu ajiye don magani? Kuma wa zai iya sa shi ya faɗi damuwarsa? Mu 'ya'yansa kunyarmu yake ji.