"Hanyar lafiya a bi ta da shekara": ko ta dace da hanyoyin intanet?

Malamin Hausa, Jekadafari:
Assalamu alaikum. Jiya a wani shagon cirar kuɗi kusa da Tashar Dukku a garin Gombe, na'ura ta yi ta juyi ba ta fitar da takarda ba, sai mai shagon ya ce wa wata dattijuwa, "Inna, hanyar lafiya a bi ta da shekara." A sanina matafiyi magabata suka yi wa wannan magana, domin ya zaɓi doguwar hanya mai aminci a kan gajeriya mai haɗari. Shin ta dace da jinkirin intanet, ko an ɗora mata kayan da ba nata ba?

Injiniya, Tumfure:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban ga ta dace ba. Intanet kamfanoni ne dubbai, kowanne da nasa layin, suna sanar da juna ta wani tsari mai suna BGP cewa ta wurinsu ake isa wuri kaza. Tsarin ba ya tantance gaskiyar maƙwabci, abin da aka faɗa masa yake ɗauka, sannan ya bi hanyar da kamfani ya fifita saboda kuɗi, ko wadda ta fi ƙarancin zango. A Nuwamban 2018, kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya sa saƙonnin da suka nufi Google suka bi ta Rasha da Sin fiye da awa ɗaya, da yawansu ma ba su isa ba. Ga tsawo, ga rashin lafiya.

Tsohon direba, Bolari:
Ɗana, ka riƙe "shekara" ka saki "lafiya". Maganar ba ta ce kowace doguwar hanya lafiya ce ba. Mu idan ruwa ya yanke hanyar Gombe zuwa Bauchi da damina, ta Dukku da Darazo muke zagayawa, fasinja na ƙorafi, amma a gida kowa yake kwana.

Injiniya, Tumfure:
Na karɓi gyara, Baba, amma rabi. Irin zagayen nan an yi shi ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa, aka karkata zuwa waɗanda suka tsira, irin su Equiano da ta sauka Legas a 2022. Sai dai idan motocin babban titi duka suka koma ƙaramar hanya, cunkoso ne zai biyo baya, shi ya sa kamfani ke sayen sarari a layi na biyu tun kafin buƙata ta taso. Akwai kuma zagayen da ba shi da dalili ko kaɗan: kafin a kafa mahaɗar IXPN, inda layukan kamfanonin intanet na cikin gida ke haɗuwa, a Legas a 2006, saƙo tsakanin kamfanoni biyu na Najeriya yakan je Turai ya dawo. A nan "zumunta a ƙafa take" ta fi dacewa, tunda maganinsa shi ne kowa ya ja wayarsa ya je ya haɗu da ɗan'uwansa.

Malamin Hausa, Jekadafari:
Na gode muku. Inda har yanzu nake ja shi ne, mai zaɓi tsakanin hanya biyu ake faɗa wa wannan karin magana, Inna kuwa ba ta zaɓi komai ba, mai shagon ma layi ɗaya ke cikin na'urarsa. Minti ashirin ta yi a kan benci, sannan ta karɓi katinta ta ƙulle a bakin zane, ta tsallaka shagon da ke gaba.