Git na cinye min RAM duk lokacin da na kwatanta babban fayil

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin wata manhajar ajiye bayanan ɗalibai a nan Samaru, Zariya, kuma Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayiloli, ya tsayar da ni cak.

A ma'ajiyar Git ta aikin akwai wani fayil na SQL (na rumbun bayanai) mai kusan 300MB da ke canzawa kowane mako. Kwamfutata Ubuntu ce, RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) 4GB. Da zarar na buga git diff ko git log -p (umarnin da ke nuna abin da ya canza) a kan fayil ɗin, sai RAM ta cika taf, linzami ya daina motsi, can sai in ga "Out of memory, malloc failed".

Da farko har git gc (umarnin tsaftace ma'ajiya da matse ta) mutuwa yake yi da "signal 9". A saitunan Git na matse fayiloli, na rage pack.windowMemory zuwa 100m, na mayar da pack.threads zuwa 1, wannan ya warware. Amma diff bai ko gezau ba. Na ƙara swap (wurin faifai da ke tallafa wa RAM idan ta cika), sai na'urar ta koma tafiyar hawainiya, ga wuta ba tabbas.

Daga nan na sauke core.bigFileThreshold (girman da in fayil ya wuce shi Git ba ya kwatanta layukansa) daga 512m zuwa 50m. Mutuwar ta tsaya, amma yanzu "Binary files differ" kawai yake nuna min, alhali layukan da suka canza su ne ainihin abin da nake nema. A ganina wannan ba gyara ba ne, rufe ido ne.

Akwai hanyar da zan ga layukan da suka canza tsakanin sigogi biyu na fayil ɗin ba tare da Git ya loda su gaba ɗaya cikin RAM ba? Na gode.