iPhone 11 ta hannu ko Galaxy S21, wacce za ta fi jimawa tana samun afdet?

Ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana waya ku taimaka min da shawara kafin Asabar, don ranar nake son shiga kasuwar waya ta Farm Centre. Wayar da ke hannuna shekararta huɗu, tunda na saye ta babban afdet ɗaya tak ta taɓa samu, yanzu har manhajar bankina ta fara yi min gardama wai sai Android ɗin da ya fi nawa, ni kuma takalma da huluna nake sayarwa a WhatsApp da Instagram, in waya ta tsaya kasuwa ta tsaya kenan.

Abin da ya sa na fara wannan tunanin, yayana yana da S23 tun 2023, kawai wata rana a 2024 afdet ya shigo masa sai ga shi yana zagaye hula a cikin hoto da yatsa Google tana fito masa da irinta, har mutum yake gogewa daga bayan hoto, kuma bai canza waya ba bai biya ko sisi ba. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Kuɗina bai kai S23 ba, tsakanin iPhone 11 da S21 nake, duka na hannu. Wacce za ta ci gaba da samun irin waɗannan sabbin abubuwan? Ba na son na saya bana baɗi a ce an daina yi da ita.

Mai_Gyara_Beirut:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ka yi tambaya mai kyau, don yawancin masu zuwa shagona kyamara da girman sikirin kawai suke tambaya. Abu na farko da za ka riƙe, shekarun afdet daga ranar da wayar ta fito kasuwa ake ƙirga su, ba daga ranar da kai ka saya ba. Nan mutane suke faɗawa.

S21 ta fito a Janairun 2021 da Android 11, Samsung ta yi mata alƙawarin manyan afdet huɗu, toh ƙirga da yatsunka, 12, 13, 14, 15. Android 15 ɗin nan mai One UI 7 (One UI shi ne fuskar da Samsung ke ɗora wa Android) shi ne na ƙarshenta, ta riga ta karɓi rabonta. Afdet na tsaro kuma shekara biyar aka ce, ka lissafa daga 2021 ka gani. Waya ce mai kyau fa, sikirinta AMOLED ne mai 120Hz, RAM (ma'ajiyar da waya ke tafiyar da manhajoji da ita) 8GB, ga 5G, in ka riƙe ta ka riƙe iPhone 11 za ka ji S21 ta fi santsi a hannu, amma tambayarka kan afdet ce, kuma a nan ta zo ƙarshen layi.

Abin da ka gani a wayar yayanka Galaxy AI ne, da S24 ya fito a Janairun 2024 sannan aka saukar wa S23 ta One UI 6.1 a ƙarshen Maris. Da aka zo kan S21 ba duka aka ba ta ba, Circle to Search ɗin da ya burge ka ta samu, amma Generative Edit mai sake zana sassan hoto da AI da fassarar kira kai tsaye ba su sauko mata ba.

iPhone 11 kuma tun Satumban 2019 take, da iOS 13 ta zo (iOS shi ne tsarin iPhone kamar yadda Android yake a Samsung), kuma ta samu iOS 26 a Satumban 2025. Kar lambar ta ruɗe ka, daga 18 suka yi tsalle zuwa 26 don sunan ya bi shekara. Shekara shida kenan ana ɗauke da ita, gaskiya a nan Apple sun yi ƙoƙari, ko 6s ta 2015 sai da ta kai iOS 15 a 2021. Sai dai a jerin masu karɓar iOS 26 ita ce mafi tsufa, XR da XS da ke gabanta an riga an sauke su, ka ga ita ce a bakin ƙofa yanzu. Kuma Apple Intelligence, wato AI ɗin Apple, ba nata ba ne kwata-kwata, daga 15 Pro yake farawa, RAM ɗin 11 4GB ne kawai ba zai ɗauka ba. Afdet ba ya ƙara wa waya RAM, abin da injinta zai iya ɗauka shi ake ba ta.

In da ƙanina ne na ciki ɗaya cewa zan yi ya ƙara haƙurin wata ɗaya ko biyu ya cika kuɗi ya ɗauki iPhone 12 ko 13, ko S23 ɗin ma wadda har Android 17 aka yi mata alƙawari. In kuma dole cikin biyun nan ne, 11.

Maman_Amira:
Ni 11 nake riƙewa kuma turaren wuta nake sayarwa, hotuna da bidiyo suna fita tas, kwastomomi har tambayata suke da wace waya na ɗauka. Abin da na fi jin daɗi a afdet shi ne iOS 18 da ya kawo kulle manhaja da Face ID, da can in na miƙa wa yara waya su kalli katun hankalina ba ya kwanciya, yanzu na kulle WhatsApp da banki da hotuna sai fuskata.  Shawarata ɗaya, in za ka yi babban afdet nemi wayfay ko ka sayi data ta dare don gigabait da yawa yake ci, ka jona caji, kuma kar ka tsorata in ta ɗan yi ɗumi kwana biyun farko, tana sake jera kayanta ne a ciki.

Bazazzagi:
Ni fa ban gane wannan son ta hannun ba. Malam in afdet kake nema me zai hana ka sayi sabuwa a kwali? Galaxy A16 ta fito ƙarshen 2024 kuma shekara shida aka yi mata alƙawari, batir 5000mAh, tana ɗaukar memori kad wanda S21 ba ta da wajensa, ga waranti. S21 batirinta 4000 ne tun tana sabuwa balle ta sha hannu shekara da shekaru, a wannan yanayin da wuta sai ta kwana biyu ba a kawo ba? Na taɓa sayen wata babbar waya ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka, ba zan faɗi shagon ba, ashe a ɗaure take da layin can aka buɗe ta da dabara, abokaina masu irinta suna ta samun afdet ni shiru har na gaji na sayar da ita da asara. Tun daga nan na tuba.

Mai_Gyara_Beirut:
Bazazzagi maganarka ta batir da waranti gaskiya ce ban musa ba, kuma waɗanda aka shigo da su daga Amurka sai an yi hattara sosai, yawanci ma ramin sim ɗaya gare su, iPhone 14 ɗinsu zuwa sama kuwa babu ramin sim gaba ɗaya sai eSIM, wato sim ɗin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba. Amma ka duba sana'arsa, hoto yake sayarwa kafin ya sayar da takalmi. Kyamarar A16 da rana lafiya lau, shiga cikin shago da yamma ka ɗauki baƙin takalmi da ita ka ɗauka da 11 ka ɗora su gefe da gefe. Sannan shekara shidan nan sabon Android da facin tsaro za ta riƙa samu, wanda yana da muhimmanci ga mai harkar banki a waya, amma manyan abubuwan AI na 'yan S ba da ita ake rabawa ba, kuma ƙaramin inji ne zai riƙa ɗaukar Android mai ƙara nauyi duk shekara.

Ɗalibin_Kwamfuta:
Bari na ƙara abu ɗaya kan batir tunda an taɓo shi. Masu cewa afdet yana rage wa tsohuwar waya gudu ba daga sama suka tsinci maganar ba, a Disambar 2017 Apple ta amsa cewa tana rage saurin wasu tsofaffin iPhone da batirinsu ya gaji don kar su riƙa mutuwa haka kawai, Faransa ta ci ta tarar yuro miliyan 25 a 2020 saboda rashin sanar da mutane. Bayan rigimar ne aka kawo Battery Health, wajen da ke nuna lafiyar batir a Settings, a iOS 11.3. Toh yaya in ka tashi sayen 11 nan za ka fara dubawa, in ya yi ƙasa da kashi 80 ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. Kuma ka sani ko an daina ba waya babban afdet ba washegari take mutuwa ba, WhatsApp sai a 2025 ya bar iPhone 6 wadda ta fito tun 2014.

Ɗan_Kurna:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na cire S21 a lissafi. Na yi magana da yaya ya ce zai ara min ciko in ɗauki 12 na biya shi bayan sallah. Oga Mai Gyara ban da batir me zan duba a wajen kafin na tura kuɗi?

Mai_Gyara_Beirut:
Shiga Settings, General, About, in an canza sikirin ko batir ko kyamara da wanda ba na asali ba za ka ga an rubuta Unknown Part, a wajen kuma ka duba Carrier Lock ya nuna No SIM restrictions. Ka sa fuskarka ka gwada Face ID, ka tabbatar babu iCloud ɗin wani a kai, a goge ta a gabanka ka kunna ta da naka. Kar ka ɗauki 64GB, afdet ɗin kansa waje yake nema ga hotunan kayanka, nemi 128. Ka sa sim ɗinka ka kira yayan naka kana tsaye a shagon, sannan a rubuta maka rasit da lambar shaidar wayar ta IMEI a jiki.