Sirrin da ke Tsare Rai da Sirrin da ke Cin Amana: Musayar Waƙa

Malam na Gusau ya buɗe:

Da sunan Allah nake buɗe baiti,
Salati ga Manzo, shugaban masu amana.

Tambaya gare ni, 'yan'uwa ku amsa,
Kan yaƙin 'yan bindiga da ya raba manomi da gona.

A 2019 kwamiti ya yi aiki a Gusau,
Tsohon Sufeto Janar M.D. Abubakar ya auna.

Ya ce rai 6,319 aka kashe mana,
Tun daga 2011, shekara takwas ana ƙuna.

Mutum 3,672 aka kora daji,
Fansa ta haura naira biliyan 3, ya nuna.

Ya ce da hannun wasu masu rawani a ciki,
Wane alƙali ya kira su suna-suna?

An tuɓe sarkin Zurmi da na Ɗansadau a 2022,
Hujjar da aka riƙe, wa ya gan ta a rana?

In laifi ya tabbata, kotu ce wurinsa,
In babu laifi, a fito a wanke musu suna.

Jangebe, Fabrairun 2021, aka kwashe ɗalibai,
Da fari aka ce 317, ido ya ƙi kwana.

Da suka dawo aka ƙirga 279,
Aka ce ba a biya ko sisi ba, ƙarshen magana.

Aka ce tubabbun 'yan bindiga ne suka shiga tsakani,
Me aka yi musu alkawari, da wa aka gana?

Uban da aka ɓoye wa gaskiya a kan 'yarsa,
Da wace zuciya zai kai rahoto in an zauna?

Tsohon soja na Zuru ya amsa:

Malam na ji ka, ka yi tambaya,
Amma bari in ware maka hanya,
Ba kowane rufi ne yake ƙarya,
Akwai inda rai ke rataye da sirri.

Ranar fita da sa'ar tashi,
Yawan motoci da yawan harsashi,
Hanyar da za a bi a isa gare shi,
Wanda ya faɗe su ya sayar da ayari.

Ga yadda labari ke tserewa:
Mai sai da mai ya ga ana cikawa,
Mai shayi ya ji ana tattaunawa,
Kira ɗaya, daba ta watse da sauri.

Infoma ba ya ɗaukar bindiga,
Aikinsa ƙirga wa ya fita, wa ya shiga,
Wa ya sai da sa, wa ya ɗaga katanga,
Ladansa 'yan dubbai ne bayan hari.

Shi ya sa umarni ke zuwa a ƙurarren lokaci,
A karɓe wayoyi tun kafin a ci abinci,
Mai kawo rahoto a riƙe shi da aminci,
Lamba ake ba shi, ba suna, ba gari.

Amma in an gama aiki an dawo,
Faɗin abin da ya faru ba ya jawo
Wa soja asara. Shirun ne ke kawo
Zargin da ya fi harsashi hatsari.

Hajiya ta Yawuri ta shigo:

Baba na Zuru, Allah ya ƙara girma,
Sirrin fita daji mun yarda, gaskiya.

Amma dubi Birnin Yawuri, 17 ga Yunin 2021,
Kwalejin Tarayya aka fasa, aka kwashe mana 'ya'ya.

'Yan mata 11 suka rage a hannun ɗan bindiga Dogo Giɗe,
Kusan shekara biyu iyaye na zaune gaban waya.

Wane sirrin yaƙi ya hana a kira uwa,
A ce mata 'yarki na raye, tana da lafiya?

Ga yadda cinikin yake, don wanda bai sani ba:
Kiran farko, a doki wanda aka kama, a ji kukansa a murya.

A yanka miliyoyi, a ba da kwana kaɗan,
Dangi su sai da gona da shanu da 'yar dukiya.

In kuɗi sun haɗu sai a ƙaro sharaɗi:
Sabon babur, katin waya, maganin jinya.

Mai kai kuɗin ma sau da yawa a riƙe shi,
A ce sai an haɗo wata fansar an biya.

Duk wannan a kan layin waya ake yin sa,
Layin da tun Disambar 2020 aka ce a haɗa da NIN gaba ɗaya.

Mun bi layi a rana, mun dangwala yatsu,
To wa ya bi sawun kiran? Ga tambaya.

Sai Maga a Danko-Wasagu, Nuwambar 2025, 'yan mata 25,
Aka harbe mataimakin shugaban makaranta, aka yi daji da 'ya'ya.

Gwamna Nasir Idris da bakinsa ya nemi sani,
Wa ya ba sojan da ke gadi umarnin ja da baya?

In mai jiha ma tambaya yake yi, Baba,
Ina ga uwa mai tuyar ƙosai a bakin hanya?

Na Shinkafi ya ɗora:

Inna ta Yawuri, kin taɓo mana gyambo,
Bari in ɗora daga nan arewa.

A Satumbar 2021 aka yanke sabis a Zamfara duka,
Kasuwar mako a rufe, man jarka an hana sayarwa.

Manufa a yanke wa daji mai da abinci da labari,
Makonnin farko an ga alamar takurawa.

Sai ɗan bindiga ya hau tudu ya kamo layin Nijar,
Ƙauye ya rasa hanyar kiran agaji in ana kashewa.

Da aka maido sabis wa ya zo da lissafi,
Nawa aka kama, nawa aka ceto, nawa suka samu tserewa?

Yau ƙauye na biyan kuɗin shuka da na girbi,
Gida-gida ake yankawa, mai unguwa ke tarawa.

Ba ƙauna ba ce, lissafin tsira ne,
Wanda ke kusa da bindiga shi ake tsoron saɓawa.

An yi sulhu a 2019, mun ga ana miƙa bindigogi,
Me aka ba su a madadi? Babu takardar dubawa.

A Yulin 2022 aka naɗa ɗan bindiga Ado Aleru sarauta a 'Yandoto,
Aka dakatar da sarki bayan an gama naɗawa.

A 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ce ana sulhu a ɓoye,
Wasu daga Tarayya ke yi, jiha ba ta cikin tattaunawa.

Gusau na cewa babu sulhu, wasu na zama a daji,
Manomi ya bi wanne in damina na faɗuwa?

Lauya na Birnin Kebbi ya ce:

Ƙanena na Shinkafi, share hawaye, ga abin yi,
Tambayar hukuma haƙƙi ne a cikin doka.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011,
Ba ta neman dalili, ba ta neman matsayinka.

Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ma'aikata,
Ka ambaci takarda da shekararta, kar ka yi shakka.

Kwafi biyu za ka kai, a buga hatimin karɓa
Da kwanan wata, ɗaya ya dawo hannunka.

A nan mutane ke faɗuwa: ba hatimi, ba shaida,
Gobe a ce wasiƙa ta ɓata, wa zai tsaya maka?

Kwana 7 doka ta ba su su ba da amsa,
In takardun da yawa su ƙara 7, amma su rubuto maka.

In sun ƙi, dole su faɗi sashen da suka dogara da shi,
Shiru ma ƙi ne. Cikin kwana 30 kotu na jiranka.

Wanda ya hana ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000,
Kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau jihohi duka.

Kuskure na biyu shi ne tambayar shirin gobe,
Sashe na 11 na tsaron ƙasa za a ɗaga maka.

Tambayi abin da ya wuce, wanda ba ya tona soja:
Nawa aka fitar bara, wa ya sa hannu a kuɗin talaka?

Motocin sintiri nawa aka saya, nawa ke tafiya yau?
Askarawan Zamfara 2,645 da aka ƙaddamar a 2024, haƙƙinsu na cika?

Kason tsaro na masu mulki ba a bin diddiginsa,
A 2018 Transparency International ta ce dala miliyan 670 a shekara ake ɗauka.

Za su fake da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962,
Ta 2011 ta ce hatimin sirri kaɗai ba ya hana a buɗe maka.

Baba na Ɗansadau ya ƙara:

Lauya, Allah ya biya ka, ka haska mana,
Ga wata takardar da ya kamata a nema.

Mutunji, Disambar 2022, jirgi ya saki wuta,
Ya haɗa da mutanen gari, aka binne da dama.

Tungar Kara, Janairun 2025, 'yan sa-kai sun fito kora,
Aka ɗauke su ɓarayi, aka sako daga sama.

Dalili a fili yake: ga matuƙin jirgi, babur babur ne,
Ɗan sa-kai da ɓarawo duk da bindiga, babu alama.

In babu na ƙasa mai magana da na cikin jirgi,
Ya ce namu ne waɗannan, gobe ma haka za a kuma.

Ana cewa za a bincika, to a karanto sakamako:
Wa ya ba da wuri, wa ya tantance, me aka gyara a rundunar Fansan Yamma?

A ƙirga matattu da suna, a biya diyya a fili,
Marayu su san hukuma ta san da su ita ma.

Tsohon soja na Zuru ya dawo:

Yayana na Ɗansadau, gyaran mai yiwuwa ne, ba wuya,
Kowane gari shugaban 'yan sa-kai ya ba sansani lambar waya,
Kafin su bi sawu ya faɗi yawansu, ya faɗi hanya,
Sansani ya isar wa jirgi kafin ya tashi, shi ne tsari.

Mai kai rahoto kuma ya riƙe abu huɗu:
Babura nawa, sun yi arewa ko kudu,
Ƙarfe nawa, a rafi suke ko a tudu,
Uku-uku a kan babur alama ce ta hari.

Kar ya faɗa a majalisa ko teburin mai shayi,
Kar ya tura a WhatsApp don ana yayi,
Jami'i ɗaya, wanda aka shaida aikin da ya yi,
Shi ma ya dawo ya ce ga abin da aka yi da labari.